Gwaji Ne, In Ji Kawu Habu

Duk wanda ya san Kawu Habu ya san ba ya barin ƙofar gida sai ya ɗaga kai ya duba sama. Mu in za mu fita, ƙasa muke dubawa, saboda kwata da kashin awaki. Shi kuwa sai ya tsaya a bakin zaure, ya dafe hularsa kada ta faɗi, ya yi ta kallon sama kamar wanda ya yi ajiya a can yake son ya tabbatar ba a taɓa ba. In ya gamsu, sai ya shafa 'yar jakar fatar nan da ke rataye a wuyansa, ya ce, "To, suna nan," sannan ya jefa ƙafa. Sau nawa ƙafar ta sauka a kwata, ku mutanen Gyadi-Gyadi kun fi ni sani, tunda ku kuke ba shi ruwan wankewa.

Baƙo in ya ga jakar sai ya zaci laya ce. Har akwai wanda ya taɓa bin sa lungu yana roƙon a gaya masa malamin da ya haɗa ta. Ba laya ba ce. Na'urar neman agaji ce a ciki, ruwan ɗorawa, ba ta fi sabulun wanki girma ba, da 'yar eriya a naɗe a jikinta da maɓalli a ƙarƙashin murfi. Irin wadda matuƙa jirgin ruwa da masu ratsa sahara suke riƙewa ce: in mutum ya shiga halin mutuwa a inda babu waya babu jama'a, sai ya danna, tauraron ɗan'adam ya ji, ya kai labari ga masu ceto. Kawu ya raɗa mata suna Ɗan Aike. A duk shekarun da ya yi da Ɗan Aike a wuya, tafiyarsa mafi nisa ita ce Unguwa Uku, wajen mai gyaran rediyo.

Saboda Ɗan Aike ne Kawu ya daina zama a inuwa. Ya ce rufin kwano yana toshe masa kunne, dole sai yana ganin sama. Ranar Juma'a ko akwai wuri a cikin masallaci, shi a kan kwalta yake shimfiɗa darduma. In an yi ɗaurin aure an kafa rumfa, sai ka hango kujera ɗaya tilo a tsakiyar rana, da Kawu a kai yana zufa yana amsa gaisuwa. A Adaidaita Sahu kuwa gefe yake zama, ya miƙa jakar waje da hannu, har wani direba ya taɓa tambayarsa ko wani abu ne ke wari a ciki.

Ga waɗanda suka zo unguwar daga baya, bari in koma baya kaɗan, don kada su ɗauka taɓin hankali ne. Ni ce Binta, 'yar yayarsa Hajara, wadda muke kira Inna. Iyayensu sun rasu Kawu yana ƙarami, Inna ce ta goya shi, ta wanke masa gyambo, ta kai shi makarantar allo da bulala. Da ya girma ya zama direban babbar mota, yana kai kaya Agadas har can gaba cikin sahara. A wata tafiya motar ta mutu musu a inda ko ungulu ba ta wucewa. Labari ya iso Kano cewa an ga motar amma ba a ga mutanenta ba. Aka jira, aka sake jira, har manya suka ce a yi haƙuri a yi masa addu'a.

Lokacin ina yarinya, amma ban manta Inna ba. Ta yi kuka har muryarta ta tafi, sai dai ka ga bakinta yana motsi. Kawu bai bar matar aure ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari tattabaru ne, tukwane jere a kan katanga, kowace tattabara da sunanta. Inna ta ce ba za ta iya jin kukansu da safe ba, kuma ba mai kula da su kamar shi. Aka yanka su duka, aka soya, aka yi masa sadaka da shinkafa. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ci, wasu har da neman ƙari.

Ba a daɗe da share makoki ba, wani hantsi sai ga mamaci ya yi sallama. Ashe wasu masu raƙuma ne suka tsince shi suka yi jinyarsa. Ya rame kamar sandar rake, ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsage. Mata suka watse, wata maƙwabciya ta bar takalminta har yau ba ta zo ɗauka ba. Inna ta sandare a bakin murhu da ludayi a hannu. Shi kuwa bawan Allah, maimakon ya dubi matar da ta kusa makancewa da kukansa, sai ya ɗaga kai ya dubi katanga.

"Yaya, ina tattabaruna?"

Inna ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Mun cinye. Allah ya kai ladan kabarinka."

Daga ranar nan magana ta mutu a tsakaninsu. Shi yana cewa ta yi gaggawar binne shi, ko gawarsa ba ta gani ba ta hau soya masa dukiya. Ita tana cewa mutum ya dawo daga lahira bai ce mata sannu ba sai cigiyar tsuntsu. Ni dai a ganina dukansu suna da gaskiya, kuma dukansu kansu ya fi dutsen niƙa tauri. Liman ya sa baki, ya ce gaba haramun ce, sai suka samo dabara: in sun haɗu a wajen suna ko rasuwa, shi ya yi wa bango sallama, ita ta amsa wa tukunya. Haka aka yi ta tafiya har furfura ta cika musu kai, kuma mu 'ya'ya abin yana ci mana rai, don kowa ya san ba su da kowa sai juna.

Abin da ya gani a sahara kuwa, bai taɓa gajiya da ba da labarinsa ba. Ya ce yana kwance a ƙarƙashin mota, ruwa ya ƙare, harshe ya zama kamar busasshiyar kuɓewa, sai magariba ta kawo jiki yake iya rarrafowa waje. A nan ya lura da wani tauraro da ba ya zama wuri ɗaya kamar 'yan'uwansa, tafiya yake a hankali, daga wannan gefen sama zuwa wancan, kamar mai zuwa aike. Ya ce ya ɗaga masa hannu, ya ba shi saƙo zuwa Kano, ya kwatanta masa gidan har da bishiyar dalbejiyar ƙofar gida. Tauraro ya wuce abinsa bai waiwayo ba. Sai bayan shekaru wani injiniyan rijiyoyi da ya ɗauko a mota ya gaya masa cewa ai mutane ne suka harba irin waɗannan, kuma akwai waɗanda aikinsu kawai saurare, in dai kana da abin yi musu magana. Tun daga nan ya ƙudura sai ya mallaki abin. Kafin ya samu wanda ya sayo masa daga Legas, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, ya daɗe da ajiye tuƙi. Bai dame shi ba. Ya ce shi dai ba za a sake kashe shi da baki ba.

Ranar da Ɗan Aike ya iso, da sassafe ya buga min ƙofa a Tarauni, inda nake aure kusa da gidan Inna. Ya ce in saka mayafi in raka shi, doka ta ce ba a riƙe irin wannan abu sai an yi masa rajista da hukuma, don in ya yi kuka a san na wane ne. Muka tafi shagon Sunday mai kwamfuta, wanda iyayensa 'yan kudu ne amma shi haihuwar Kano ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Sunday ya jujjuya abin, ya ce tunda yake bai taɓa ganin irinsa ba sai a fim, amma ya binciko inda ake yi, ya fara tambaya. Suna, unguwa, lambar da ke jikin na'ura, duk aka wuce lafiya. Sai aka zo kan inda mai ita yake yawan zuwa.

Kawu ya lumshe ido ya fara jero Agadas, Bilma, da wasu rijiyoyi da ban taɓa jin sunansu ba. Sunday ya ɗaga hannu daga kan kwamfuta ya tambaye shi, cikin ladabi, yaushe rabonsa da can. Na ce ya rubuta masallaci, teburin mai shayi, da Unguwa Uku in rediyo ta lalace. Kawu ya harare ni har sai da na ji a jikina, amma da yake doka ta ce a faɗi gaskiya, ya haƙura. Ya ce, "Rubuta yadda ta faɗa. Amma ka ƙara da sauransu."

Sai tambaya ta ƙarshe: wa hukuma za ta kira in ya danna? Na gyara murya na fara karanto lambata, don wa yake da shi in ba ni ba? Ya ɗaga min hannu.

"Hajara. Tarauni."

Sunday ya tambayi dangantakarsu.

"Wadda ta cinye min tattabaru."

Sunday ya duba ya ce babu gurbin wannan, aka rubuta yaya. A hanya na kasa haƙuri na tambaye shi dalili. Ya ce ai ita ce mai saurin binne shi, gara ta fara ji daga sama cewa yana nan da ransa, kafin ta ɗora tukunya.

Sunday ya yi kuskure ɗaya a ranar, ya karanta masa cewa duk lokacin da wani bayani ya canza dole a sabunta rajista. Wayyo Sunday. Kawu ya koma ɗakin da ke kallon gabas, ya zo a sanar. Ya yi wa ƙofa shuɗin fenti, ya zo a sanar. Ranar da haƙorinsa na gaba ya fita, ya zo da shi a ƙulle a leda, wai kada masu ceto su zo suna neman mai cikakken baki su wuce shi. Sunday ya rantse min har mafarkin Kawu yake yi, amma bai taɓa korarsa ba, kujera ma ya ajiye masa a waje inda babu rumfa.

Da na kai wa Inna labarin an saka sunanta, ta yi tsaki ta ce wa ya ba shi izini. A satin nan ta sayi sabuwar caja, ta hana jikoki wasa da wayarta, ta fara ƙulle ta a bakin zane. Da na yi magana ta ce saboda masu sayen garin kunu ne. Garin kunun da duk masu sayensa maƙwabta ne, in suna so ta katanga suke kira.

Shi kuma Kawu ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa lambar da ba ta shiga ba ta da amfani ga hukuma, kuma ba yadda za a san tana shiga sai an gwada. Washegari da hantsi wayar Inna ta yi ƙara. Ina wajen. Ta duba, fuskarta ta canza, ta kai kunne.

"Gwaji ne."

Muryar Kawu ce. Inna ta ce, "Ya yi."

Ƙit, ya kashe. Wannan ita ce hirarsu ta farko tun ranar tattabaru, kuma ita suka riƙe kullum, rani da damina, ba ƙari ba ragi. Ya ce a ƙara kalma ɓarnar kati ce. Wata ƙaramar salla dai ya zame ya ce, "Gwaji ne, barka da salla." Inna ta amsa da ya yi kamar kullum, sannan ta wuni tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa Habu ya tsufa, surutu ya kama shi.

Shekarar da aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba, na Inna yana ciki. Kawu ya kira ya ji wata mata tana ba shi haƙuri da Turanci. Ya iso gidana hula a karkace, ya ce rajistarsa ta zama ƙarya, kuma shi bai taɓa yi wa hukuma ƙarya ba. Gari na wayewa ya tafi ofishin masu layin, ya shige sahun mata ya tsaya. Matan suka yi ca a kansa, ya ce shi wakili ne. Da na kawo Inna, muka samu benci ɗaya muka zauna, ni a tsakiya kamar katanga. Ya ce in tambayi uwata ko ta zo da katinta. Ta ce in gaya wa kawuna ba jiya aka haife ta ba. Rana ta take, sai ya buɗe lema ya miƙa hannu ta bayana ya riƙe mata a ka, fuskarsa tana kallon wani gefe, shi yana cikin rana saboda Ɗan Aike. Ta yi kamar ba ta san daga ina inuwar ta zo ba. Da aka buɗe layin, ya tashi ya ɗan matsa gefe, inda ko tari ta yi zai ji, ya ciro waya ya kira ta. Tana kallonsa, yana kallonta. Ya ce gwaji ne, ta ce ya yi, kowa ya kama hanyar gidansa.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne ya ƙi dannawa. Unguwa gaba ɗaya ta ƙosa ta ga jirgi mai saukar ungulu ya sauka a Gyadi-Gyadi. Akuya ta faɗa rijiya, aka ce ya danna, ya ƙi. Taransifoma ta yi wuta, aka ce ya danna, ya ce a kira masu kashe gobara. Sai ga ranar kwalbati. Da damina ne, an kwana ana ruwa. Hantsi ya yi har ya wuce, wayar Inna shiru. Ta ƙona koko, ta share wuri ɗaya har ƙasa ta fara ramewa. Can sai ga kira daga baƙuwar lamba, ta ɗauka, aka ce gwaji ne, ta ce ya yi. Ta ajiye waya ta dube ni.

"Je ki duba shi. Muryarsa kamar daga cikin rijiya."

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Na same shi a cikin babbar kwalbatin bakin titi, ruwa har ƙugu, ƙafarsa ta maƙale tsakanin rodi, ruwa ya tafi da wayarsa, hannunsa ɗaya a sama yana riƙe da Ɗan Aike kada ya jiƙe. Yana kallon sama ya taka inda babu murfi. Abu na farko da ya nema ba a ciro shi ba ne, aron waya ya nema. Jama'a sun cika, masu shayi, 'yan Adaidaita, mata ta saman katanga, kowa yana cewa yau dai ai dole ya danna. Shi kuwa daga cikin kwata yake karantar da su. Ya ce doka sharaɗi biyu ta gindaya: sai rai yana cikin hatsari, kuma sai babu wata hanyar samun taimako. Ya ce in ya danna, wataƙila wani bawan Allah yana can tsakiyar teku yana nutsewa, a bar shi a taho ciro tsoho daga kwata, sannan a ci shi tara a kan kiran banza.

"Ga ku nan kun fi kasuwa yawa," in ji shi. "Tauraro ba ya yin aikin maƙwabta. A kira mai walda."

Mai walda ya yanke rodi, mai ɗori ya ɗaure ƙafa. Da yamma sai ga kwanon farfesu daga Tarauni, ba a faɗi wanda ya aiko ba. Ya buɗe, ya shinshina, ya tambaye ni ko na kaza ne. Na ce na kaza ne. Ya ce to, don ya san hannun da ya dafa, ba a ba shi amanar tsuntsu. Ya shanye tas.

Lokacin da na fi son Kawu shi ne bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. Yakan ja kujera zuwa filin makarantar firamare, tsofaffin abokansa su kewaye shi, a yi ta roƙonsa ya faɗi abin da zai faru ranar da ya danna. Sai ya kwantar da kai baya, muryarsa ta yi laushi. Ya ce Ɗan Aike zai yi wata 'yar siririyar ƙara da kunnen mutum ba ya ji, ta haura ta wuce shirwa, ta wuce gajimare, ta je inda babu iska babu hayaniya. Tauraron nan mai tafiya, wanda ya wuce shi a sahara, wannan karon zai waiwayo. Zai ce, a'a, Habu ne. Zai gaya wa ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya sauko da maganar wani ofishi mai sanyi inda wani mutum mai farar riga yake shan shayi. Mutumin zai ajiye kofi, ya duba, ya ga sunansa da shuɗiyar ƙofa da haƙorin da ya fita. Sai ya ɗauki waya ya kira Tarauni.

A nan kullum yake tsayawa. Abokai su ce, to jirgin fa, masu ceton fa, sai me ya faru? Shi kuwa idonsa yana sama, sai ya ce, "Sai ta ɗauka." Ko za a kwana ana tambaya ba ya ƙara komai. Na daɗe ina ɗauka mantuwar tsufa ce take sa shi yanke labarin, sai daga baya na gane iyakar labarin ke nan a wajensa.

A shekararsa ta ƙarshe numfashi ya fara yi masa wuya. Na yi na yi ya dawo gidana ya ƙi, wai tsakar gidana ƙarama ce, sama ba ta isa. Ranar da abin ya zo, ina gidan Inna muna tankaɗe. Wayar ta yi ƙara a daidai lokacinta. Inna ta sa ta a kunne da hannu mai gari, ta riga shi, ta ce ya yi. Sai na ga ba ta sauke ba. Wayar tana da ƙarar murya, na ji shi sarai, a hankali yake magana.

"Yaya, yau ba gwaji ba ne."

Ban taɓa sanin Inna tana iya gudu ba. Takalmi ɗaya nata, ɗaya nawa, mayafi a hannu, ta tare ɗan Adaidaita a tsakiyar titi. Muka same shi a tsakar gida a kan tabarma, ya jawo kansa waje inda babu rufi. Ɗan Aike yana kan ƙirjinsa, murfin a rufe, eriya a naɗe. Inna ta zube a gefensa ta ɗora kansa a cinyarta, ta hau shi da faɗa kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Ta ce shekara da shekaru yana yawo da abu a wuya yana hana mutane sakat, yau da ranarsa ta zo me ya hana shi dannawa?

Ya ce, "Doka ta ce sai in babu kowa."

 Na fita neman mota, na dawo na same su a yadda na bar su, tana shafa masa kai, gari duk ya ɓata masa goshi. Na ji tana cewa, ƙasa-ƙasa, maganar tattabarun nan, Habu. Ya buɗe ido ɗaya ya tambaye ta ko sun yi daɗi. Ta ce ita ina ta sani, ko ruwa bai wuce mata maƙogwaro ba a ranar.

"Asara biyu ke nan," in ji shi.

Ta yi dariya hawaye yana zuba, shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi. A mota ba su yi shiru ba, a asibiti ma haka, suka yi ta tono mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni, wa ya auri wa, wa ya saci mangwaron wa. Ma'aikaciyar jinya ta ce a bar shi ya huta, ya ce ta ƙyale su, ba kati ake ci ba. Washegari bayan azahar ya cika. Likita ya faɗa, amma Inna ta hana a sanar da kowa sai da ta sa hannunta a ƙirjinsa ta daɗe tana saurare. Ta ce ta taɓa yin gaggawa sau ɗaya.

Sunday ya zo gaisuwa ya zauna a rana, ya ce ya saba. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce akwai sauran sanarwa ɗaya: dole a gaya wa hukuma mai na'ura ya rasu, a cire batirin, kada wata rana ta yi kuka a bola a tayar da mutane a banza. Na ji tsoron gaya wa Inna, amma ta ce a yi yadda doka ta ce, in ba haka ba Habu ba zai bar mu mu yi barci ba. Aka yi. Jakar fatar kawai ta riƙe. Wayarta ce a ciki yanzu, a wuyanta. In hantsi ya yi takan ja kujera tsakar gida, inda babu rufi, ta ɗan zauna, sannan ta tashi ta ci gaba da tankaɗe. 

Allah ya jiƙan Kawu Habu, ya yafe masa taurin kai da duk kurakuransa. Allah ya yalwata masa kabari ya haskaka shi, kada ya ji ƙunci, shi da bai taɓa son rufi ba. Allah ya ba Inna haƙuri, ya sada su a inda babu gaba, kuma in ya kira a can, ya sa a amsa masa. Amin.